Waƙafin Ilimi da Shari'ar Dabbobi: Dalilinmu na Tallafa wa Ɗaliban Shari'a a Ƙasar Ƙaraye da Rogo

 Daga cikin ƙudurorin da muka gabatar a rahoton bana akwai wanda muka san zai jawo tambaya daga masu bayarwa da kwamitocin masallatai, wato ware wani kaso na waƙafin ilimi domin ɗaukar nauyin ɗaliban shari'a, 'ya'yan wannan yanki, su yi amfani da dogon hutunsu wajen binciken dokokin da suka shafi dabbobi. Mai tambaya yana da gaskiyarsa idan ya ce: ga marayu, ga marasa lafiya, ga masallatan da rufinsu ke yoyo, ina dalilin kashe dukiyar Allah a kan maganar sa da jaki? Haƙƙinku ne ku ji amsa dalla-dalla, domin amanarku ce a hannunmu.

Me ake nufi da shari'ar dabbobi

Shari'ar dabbobi ita ce jimillar hukunce-hukuncen da suka tsara zaman ɗan Adam da dabba. Ta haɗa haƙƙin dabba a kan mai ita, na ci da sha da hutu da magani. Da haƙƙin maƙwabci idan dabba ta yi masa ɓarna. Da hukuncin kiwo da burtali da mashaya. Da ciniki da aibin da ake mayar da dabba saboda shi. Da sata da tsintuwa. Da yanka da tsabtar mayanka. Da zakkar dabbobi. A jami'o'in Amurka da Turai wannan fanni ya zama darasi mai zaman kansa. Makarantar lauyoyi ta Lewis da Clark da ke birnin Portland tana da cibiya ta musamman a kansa, jami'ar Harvard ma tana koyar da shi, kuma al'adarsu ce a ba ɗalibi kuɗin guzuri a hutun bazara domin ya zauna ya yi bincike maimakon ya tafi neman aikin wucin gadi. Daga gare su muka ari tsarin tallafin hutu.

Ilimin kansa kuwa tsohon kayan gidanmu ne. Majalisar dokokin Ingila ta yi dokarta ta hana azabtar da shanu da dawaki a 1822. Ƙarnoni kafin haka, malaman fiƙihu sun riga sun rubuta babi-babi a kan ciyar da dabba da haramcin ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Hadisai ingantattu sun ba da labarin matar da ta halaka saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare, sun kuma yi umarni da wasa wuƙa da hutar da abin yanka, sun hana yi wa dabba lalas a fuska. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke hukunci da ita, ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita idan babu makiyaya, kuma idan ya ƙi, alƙali yana da ikon tilasta masa ya fitar da ita daga hannunsa. Shehun malami Izzuddin ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a Masar a 1262, ya jera haƙƙoƙin dabbobi ɗaya bayan ɗaya a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam, har da kada a yanka ɗa a gaban uwarsa, kada kuma a haɗa dabba da wadda za ta cutar da ita a turke ɗaya.

Me ya sa a wannan yanki

Wanda ya san ƙasar Rogo da Ƙaraye ya san cewa dabba tana cikin kowane lissafi na gida. Shanun huɗa ne ke jan garma da damina, su ja amalanke da kaka. Jaki ne ke kai taki gona, ya kawo itace da ruwa. Akuya da tunkiya su ne asusun mace, su take sayarwa ranar da yaro ya kwanta ciwo ko aka tashi kayan ɗakin 'yarta. Ƙasar Rogo ta yi iyaka da jihohin Katsina da Kaduna, saboda haka garken da ya kwana a wata jiha yana iya wayar gari a wata. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, noman rani ya ƙaru a bakin ruwa da fadamu, wuraren da makiyayi ya saba gangarowa da rani domin shayarwa. Manomi yana da buƙata ta gaskiya, makiyayi ma haka, ƙasar kuwa ba ta ƙaruwa.

Daga nan ne ƙaramar ɓarna take zama babbar fitina. Saniya ta shiga gonar dawa, ba a sami wanda zai ƙiyasta asara da adalci ba, sai a rama a kan dabbar, a sare mata agara, sai a rama a kan mutum. Marayun da muke ciyarwa da zakka, wasunsu a Arewa irin wannan rigima ce ta mayar da su marayu. Mai son rage yawan masu karɓar zakka dole ya dubi ƙofar da talauci ke shigowa ta cikinta, kuma rigakafi ya fi magani.

Hukunci uku a kan gona ɗaya

Misali ɗaya zai nuna girman giɓin da muke son a cike. Idan shanu suka ci gonar mutum a Rogo Ruma ko Zarewa ko Tudun Kaya, hukunci uku ne ke jiran maganar.

Na farko fiƙihu. Alƙur'ani ya ambaci hukuncin Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu a kan tumakin da suka yi ɓarna a shuka da dare, a Suratul Anbiya, aya ta 78 da 79. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa hukuncin da Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yanke a kan taguwar Bara'u ɗan Azib: tsaron gona da rana yana kan masu gona, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa yana kan masu dabbobi. Malaman Malikiyya sun ƙara bayani, cewa ko da rana ne, idan an saki dabbobi kusa da gonaki ko makiyayi yana tare da su ya yi sakaci, akwai biya. Sun kuma ce shukar da ba ta nuna ba ana yi mata ƙima ne tsakanin fatan ta yi kyau da tsoron ta lalace.

Na biyu dokar da kotunan zamani suka gada daga Ingila, wadda a asalinta take ɗora wa mai shanu alhakin shigarsu gonar wani, da dare ne ko da rana, ya yi sakaci ko bai yi ba. Na uku al'ada, wato abin da mai unguwa da dagaci da arɗo suke yi idan sun taka zuwa gonar, suka duba sawu, suka yanke abin da za a biya, aka yi musabaha aka watse.

Mafi yawan rigingimu a hannun na uku suke ƙarewa, amma shi ne wanda ba a rubuta ba. Dattijon da ya shekara arba'in yana ƙiyasta ɓarna, ya san bambancin gero mai bununi da wanda ya yi ido, ya san wane burtali ne ya bi ta ina kafin a nome shi, ranar da ya koma ga Allah da iliminsa yake tafiya. Ɗalibin da ya zauna gabansa da alƙalami, ya kwatanta abin da ya ji da abin da ke cikin Muktasar na Halil da Tuhfatul Hukkam, ya kuma duba abin da kotun shari'ar Musulunci da ta majistare suke yankewa, ya yi wa alƙalin gobe da dagacin gobe hidimar da ba ta da tamka.

Sauran tambayoyin da ke jiran bincike

Akwai maganar burtali da makiyaya. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin ƙasa bisa al'ada har hekta 500 domin noma, da hekta 5,000 domin kiwo. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da tsarin zirga-zirgar makiyaya tsakanin ƙasashenta a 1998, Jamhuriyar Nijar ta yi dokar kiwo ta musamman a 2010, gwamnatin Kano ta kafa matsugunin makiyaya a dajin Ɗansoshiya da ke ƙasar Ƙiru, gwamnatin tarayya kuma ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024. Duk waɗannan suna kan takarda. Abin da manomi da makiyayi suke son ji shi ne: wannan hanya da ke bayan gari, burtali ce a idon doka ko gona ce, wa ke da takardarta, kuma gaban wa za a kai ƙara idan an toshe ta? Fiƙihu ma yana da abin faɗa a nan, domin Manzon Allah ya keɓe Naƙi'u domin kiwon dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, malamanmu kuma sun yi bayanin hurumin gari da hurumin rijiya, wanda ba ya halatta wani ya mallake shi shi kaɗai.

Akwai maganar dabbobin aiki. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya haramta dukan dabba da azabtar da ita da yi mata lodin da ya wuce kima. Amma kowa yana ganin jaki mai gyambo a gadon baya an ɗora masa mangala, da kaji a rataye ta ƙafa a bayan babur, da shanu cunkushe a mota daga kara zuwa Kudu, kwana da kwanaki. Ga kuma cinikin fatar jaki, wadda ake fitarwa zuwa ƙasar Sin domin haɗa wani magani, har ya sa Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta amince da hana yanka su domin fata a taronta na Fabrairun 2024. Jakin da ya yi tsada ya fi ƙarfin talaka, kuma matarsa da 'ya'yansa ne za su ɗauki tulun da jakin yake ɗauka.

Akwai maganar sata da tsintuwa. Fiƙihu ya bambanta dabbar da aka sace daga garke ko turke da wadda aka kora daga daji, ya kuma bambanta hukuncin ɓataccen raƙumi da na ɓatacciyar akuya. Idan jami'an tsaro suka ƙwato shanun sata, da wace shaida mai su zai karɓe su, wa zai ciyar da su kafin a gama shari'a, kuma ina matsayin wanda ya saya a kasuwa ta hannun dillali bai san na sata ba ne? Haka nan dokar hana yaɗuwar cututtukan dabbobi ta 1988, wadda aka sabunta a 2022, tana da hukunce-hukuncen da suka shafi mahauta da sarkin pawa da duk mai cin nama.

Akwai kuma abin da ya shafi aikinmu kai tsaye, wato zakkar dabbobi. Nisabin shanu 30 ne, na awaki da tumaki 40, na raƙuma 5. Malikiyya ta sha bamban da sauran mazhabobi a kan cewa zakka tana hawa kan shanun huɗa da dabbobin da ake turkewa ana ba su harawa da dusa, matuƙar sun kai nisabi. Tana kuma da hukuncin cuɗanya, inda masu dabbobi biyu ko fiye suka haɗa garke, makiyayi ɗaya, mashaya ɗaya, makwanci ɗaya, sai a lissafa su tamkar dukiyar mutum ɗaya idan kowannensu ya mallaki nisabi. A ƙasarmu, inda ɗan kasuwa da ma'aikaci suke ba Bafulatani kiwo, shanun mutum biyar suna iya zama a garke ɗaya. Wa zai fitar, daga rabon wa, kuma yaya za su daidaita tsakaninsu? Amsa a rubuce cikin Hausa mai sauƙi za ta ƙara zakkar da ke isa hannun mabuƙata.

Daga wane asusu za a biya

Wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi, kuma amsarmu a bayyane take: ba za a taɓa kuɗin zakka ba. Allah da kansa ya iyakance masu cin zakka gida takwas a Suratut Tauba, aya ta 60. A mashahurin zancen Malikiyya, kason tafarkin Allah na jihadi ne da abin da ya rataya da shi. Wasu malaman zamani, irin su Shaihu Yusuf Alƙardawi a littafinsa Fiƙhuz Zakat, sun faɗaɗa ma'anarsa, amma mun zaɓi tsayawa inda babu saɓani. Ɗalibi matalauci yana iya karɓar zakka saboda talaucinsa, kamar kowane matalauci, ba tare da an sharɗanta masa wani aiki ba. Tallafin bincike kuwa yana da sharaɗin aiki, don haka gidansa waƙafi ne.

Waƙafi ƙofarsa a buɗe take ga kowane aikin alheri. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina, takwarar Rogo Ruma a suna, ya bar ta ga Musulmi. Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Haibara, ana ciyar da amfaninta. Musulmin baya sun kai waƙafi har ga dabbobi: a Dimashƙa an tsayar da makiyaya domin dawakin da suka tsufa, a Alƙahira Sarki Baibaras ya bar lambu domin ciyar da kyanwoyi, a birnin Bursa na Turkiyya an yi gidan jinyar shamuwa. Malikiyya kuma ta sauƙaƙa, ta halatta waƙafin dabba da littafi da sauran abin da ake ɗauka, ta halatta waƙafi na ƙayyadadden lokaci. Mai shago yana iya tsayar da hayar shekara biyu, mai gona ya tsayar da amfanin kaka uku.

Sharaɗin mai waƙafi abin bi ne. Wanda ya ce nasa na marayu ne, na marayu zai tabbata. Wanda ya ce na rijiya ne, ba za a karkatar da ko kwabo ba. Abin da zai shiga wannan shiri shi ne waƙafin da aka yi domin ilimi ba tare da an keɓe wani fanni ba, da abin da sababbin masu bayarwa suka ambata da bakinsu cewa na wannan aiki ne. Asusunsa daban, lissafinsa daban, kuma za ku gan shi a shafinsa a rahoton baɗi.

Yadda muka tsara aikin

Ɗaliban da muke nufi su ne 'ya'yan Ƙaraye da Rogo, maza da mata, masu karatun shari'a a Jami'ar Bayero, ko Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ko Kwalejin Shari'a ta Aminu Kano, da makamantansu. Mun ambaci mata da gangan, domin awaki da tumaki da kaji a cikin gida suke, kuma mace ce za ta shiga ta ji yadda ake ba da kiwo tsakanin mata, da yadda ake raba 'ya'yan akuya, da abin da ke faruwa da dabbar mace idan aure ya mutu ko aka zo rabon gado.

Kowane ɗalibi zai ɗauki tambaya ɗaya ƙarama a gari ɗaya ko biyu. Zai kasance ƙarƙashin malamai biyu, ɗaya daga makarantarsa, ɗaya malamin fiƙihu na gida. Tallafin na mota ne da abinci da takarda da buga rahoto, a biya shi kashi uku: da farawa, da tsakiya, da bayan miƙa aiki. Hutun jami'o'inmu ba ya tsayawa a wata ɗaya kamar na Turawa, saboda haka za mu daidaita tambaya da lokaci: wanda hutunsa ya faɗo ƙarshen damina da kaka ya bi maganar ɓarna, wanda nasa ya faɗo da rani ya bi maganar mashaya da fadama, wanda ya dace da gabanin Babbar Salla ya zauna a kara da mayanka.

Ɗalibi mai neman sani ne, ba a aike shi yanke hukunci ko ba da fatawa ba. Ba zai shiga gari ba sai da sallamar hakimi da dagaci, ba zai shiga ruga ba sai da sanin arɗo, ba zai je inda hukuma ta ce babu tsaro ba. Ba zai rubuta sunan mai ƙara ko wanda ake ƙara ba. Zai saurari manomi da makiyayi da kunne ɗaya. Rahotonsa zai fito da Hausa, tare da taƙaitawa ta shafi biyu da liman zai iya karantawa, a kuma miƙa kwafi ga Masarautar Ƙaraye, wadda dokar 2024 ta sanya ƙananan hukumomin biyu a ƙarƙashinta, da kotunan yankin, da Hukumar Zakka da Hubusi ta Jihar Kano.

Muna sane da cewa rahoton ɗalibi ba zai buɗe burtalin da aka nome ba, ba zai dawo da saniyar da aka sace ba. Abin da zai yi shi ne ya ajiye hujja a inda babu ita, ya kuma tarbiyyantar da lauya ko alƙalin da ya taɓa tsayawa a gonar da aka ci, ya ga hawayen mai ita, ya kuma ga tsoron yaron da ke riƙe da sanda. Idan bayan zagaye biyu muka ga rahotannin ba su amfani kowa ba, za mu faɗa muku, mu mayar da kuɗin ga sauran ayyukan ilimi.

Abin da muke roƙo

Ga iyayenmu limamai da kwamitocin masallatai, roƙonmu uku ne. Ku tattauna wannan bayani a zamanku, ku aiko mana da gyara ko suka a rubuce kafin taron shekara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku nuna mana ɗaliban unguwanninku da kuka yarda da hankalinsu da riƙon amanarsu, ba tare da duba ɗan wane ne ba. Ku kuma nuna mana dattawan da suka san tsofaffin burtalai da hanyoyin sulhu, tun suna raye.

Ga masu bayarwa, wanda zuciyarsa ta natsu da wannan aiki ya ambata shi a takardar waƙafinsa. Wanda bai natsu ba, sauran ƙofofin alheri suna nan, kuma ba za mu kai dukiyarsa inda bai ce ba. Manzon Allah ya sanar da mu cewa akwai lada a kyautata wa duk wani mai rai, ya kuma lissafa ilimi mai amfani cikin abubuwan da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Allah ya karɓa daga gare mu da ku, ya sanya albarka a gonakinmu da garkunanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.